Tulun Ladi Kwali: Haɗuwar Ginin Gargajiya da Shafen Gilashi a Tsohuwar Abuja

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira ashirin ta Nijeriya, ko da a kasuwannin bakin iyaka ne irin na Maraɗi da Birnin Ƙonni, ya san fuskar Janar Murtala Muhammad da ke gabanta. Ba kowa ne ke juya ta ya dubi bayanta ba. A can akwai hoton wata mata ta duƙufa a kan yumɓu, an rubuta sunanta, Ladi Kwali. Tun shekarar 2007 hoton nan yake yawo a aljihunan mutane, amma duk lokacin da na ɗaga takardar a aji na tambayi ɗalibai ko wace ce, amsar da nake samu ba ta wuce "wata mai ginin tukwane ce" ba. Amsar daidai take, sai dai ta bar babbar tambaya a baya. Magina mata sun cika ƙauyukan Gwari da na Nufe da na Hausa tun kaka da kakanni. Me ya ware wannan ɗaya har ta hau kuɗin ƙasa?

Abin da ya ware ta shi ne wani tulu da ba a taɓa ganin irinsa ba kafin shekarun 1950. Ginin hannu ne irin na matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da zanen kunama da ƙadangare a jikinsa, amma an lulluɓe shi da gilashi, an gasa shi a wutar da ta kusa ninka ta gargajiya zafi. Tulun ya yi kyau ƙwarai, ya shiga manyan gidajen ajiyar kayan tarihi na Turai da Amurka. Sai dai ba ya sanyaya ruwa, kuma yana da nauyin da babu macen da za ta so ɗaukar sa zuwa rafi. Yadda aka yi wannan musaya, da abin da aka samu da wanda aka rasa a cikinta, shi ne abin da wannan maƙala za ta bi.

Tukunya kafin zuwan tanderu

Ginin tukwane na daga cikin sana'o'in da suka fi daɗewa a Afirka ta Yamma. Masu tonon kayan tarihi sun samu tsingaro a Ounjougou ta ƙasar Dogon a Mali wanda ya haura shekara 11,000, sun kuma samu wani a duwatsun Abzin na Nijar da ya kai shekara 9,000 ko fiye. Mutum-mutumin yumɓu na al'ummar Nok, wadda ta zauna a yankin da bai yi nisa da Kwali ba, ya haura shekara 2,000. Ke nan lokacin da Turawan mulkin mallaka suka fara maganar "koya wa 'yan ƙasa ginin tukwane", sana'ar da suke nufin koyarwa ta girmi ƙasarsu nesa ba kusa ba.

Harshen Hausa kansa shaida ne. Ɗalibi ya lura da yadda kowace buƙata take da nata suna: tulu na ɗebo ruwa, randa ta ajiye shi, tukunya ta tuwo da ta miya, kasko na tuya da na turare da na jin ɗumi, tanda ta waina, kwatarniya ta wanki da jiƙo, shantali na alwala, asusu na tara kuɗi, har indararo da ke zubar da ruwan sama daga soro. Harshe ba ya tara sunaye haka a kan abin da masu shi ba su ƙware da shi ba. A garuruwan Hausa da dama maza ma suna gini, amma a ƙasar Gwari sana'ar mata ce, yarinya takan koye ta a gindin uwa ko gwaggo.

Maginiyar Gwari ba ta amfani da keken gini. Takan aje dunƙulen yumɓu a kan wani abu mai ɗan tudu, ta huda tsakiyarsa, ta riƙa jan bangon sama da yatsu, sannan ta riƙa ɗora masa murzajjen yumɓu kamar igiya, sahu a kan sahu. Tukunyar tana nan daram, maginiyar ce take zagaye ta, sau da yawa da baya da baya, har ta fito kewayayya kamar an auna ta. Idan ta sha iska sai a kankare ta, a goge ta da dutse mai santsi, a yi mata ado ta hanyar mirgina tufkakken zare ko sassaƙaƙƙen itace a kafaɗarta, a tsaga zane da bakin wuƙa. Gashi kuwa a fili ake yin sa. A jera tukwane, a rufe su da kirare da ciyawa, a cinna wuta. Zafin yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 800, kuma ba a ɗaukar dogon lokaci. A wurare da yawa, tun tukunya tana da zafi ake yayyafa mata makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da Bahaushe ya sani a daɓe da shafen soro, ko kuwa ruwan bagaruwa. Wannan yakan ba ta duhu da sheƙi, ya kuma rage mata tsatsafo.

Wannan ƙaramar wuta ita ce sirrin amfanin tukunyar. Yumɓun da bai narke ba yakan bar ƙananan kafofi a jikin tukunya. Ruwa yakan tsatso ta cikinsu ya fito waje, iska ta busar da shi, busarwar nan kuwa ta tafi da zafin ruwan da ke ciki. Shi ya sa ruwan randa yake da sanyi a tsakiyar bazara, da ɗan ƙanshin ƙasa da duk wanda ya tashi a gidan da ake da randa ba ya mantawa. Waɗannan kafofi, tare da yashi ko dakakken tsingaro da ake cuɗawa cikin yumɓun, su ne kuma suke ba tukunyar girki damar zama a kan murhu harshen wuta yana lasar gindinta ba ta tsage ba. Ɗora farantin tangaran a kan wannan murhu ka ga abin da zai faru.

Mene ne shafen gilashi?

Abin da ke sa kofin shayi na tangaran santsi da ƙyalli wani siririn gilashi ne da aka narkar a jikinsa, shi nake kira shafen gilashi a nan. Abu uku ake haɗawa. Na farko sinadarin da ke cikin farin yashi da ƙanƙarar dutse, wanda shi ne ainihin gilashin, amma shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700. Don haka ake haɗa shi da abin da zai sauko da wannan zafi, kamar tokar itace ko garin wasu duwatsu. Sai kuma yumɓu, wanda ke ba haɗin kauri don kada ya zurare ya taru a gindin tukunya. A niƙa su, a dama da ruwa kamar kunu, a tsoma kayan a ciki, a gasa a rufaffen tanderu har kimanin digiri 1,250 zuwa 1,300. A wannan zafi jikin yumɓun kansa yakan haɗe ya zama kamar dutse, kafofinsa su toshe. Launi kuwa yawanci daga tama yake zuwa. Idan ta yi kaɗan a cikin haɗin, aka kuma rage wa wuta iska har ta yi hayaƙi, sai a samu kore-kore mai garai-garai. Idan ta yi yawa, a samu baƙi mai jaja-jaja a gefe. Mutanen Sin ne suka fara gane shafen toka, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, watakila daga ganin yadda tokar da ta sauka a kan tukwane a cikin tanderu take narkewa.

An daɗe ana tambaya: me ya sa magina na Afirka ta Yamma ba su yi shafen gilashi ba? Amsar da aka saba bayarwa a littattafan zamanin mulkin mallaka ita ce rashin sanin babbar wuta. Wannan amsa ba ta tsaya da ƙafarta ba. An tono matoyar tama a Taruga, kusa da Abuja ta yau, da ta haura shekara 2,000, kuma narkar da tama na buƙatar zafin da ya wuce digiri 1,100. An yi gilashi a Ile-Ife ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, masagan Bida kuma har yanzu suna narka gilashi suna yin awarwaro da duwatsun wuya. Wutar tana nan, gilashin ma yana nan. Abin da nake gani shi ne, maginiya ba ta da dalilin kashe itace mai yawa don ta toshe kafofin da saboda su ake sayen randarta.

Michael Cardew da zaɓen Abuja

Mutumin da ya kawo tanderu da shafen gilashi Abuja ya fahimci wannan fiye da waɗanda suka ɗauke shi aiki. Michael Cardew, wanda aka haifa a 1901, shi ne almajiri na farko ga Bernard Leach, maginin da ya kawo salon Japan da Sin Ingila. Kafin ya zo Nijeriya ya riga ya sha wuya a ƙasar Gana ta yau. A 1942 ya karɓi masana'antar tukwane da ke ƙarƙashin kwalejin Achimota, aka rufe ta bayan shekara uku. Ya koma Vume a bakin kogin Volta, garin da matansa suka shahara da gini, ya kafa tasa da kuɗinsa, ya yi ta fama da yumɓu da tanderu da rashin lafiya har ya koma gida a 1948. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta naɗa shi jami'in kula da sana'ar tukwane, ya zagaya ƙasar yana duban yumɓu da magina.

Ra'ayin da ya fito da shi daga wannan rangadi abin lura ne. Ya ga cewa tukwanen gargajiya ba sa buƙatar gyara, domin sun dace da aikinsu, suna da araha, suna da kyau, kuma duk wanda ya sa musu gilashi ya ɓata su. Abin da ya ba da shawara shi ne a kafa wata sana'a dabam a gefe, ta kofuna da farantai da butocin shayi, don ma'aikata da 'yan boko da suka fara cin abinci a tebur, a rage sayen faɗi-ka-mutu daga waje.

Abujar da ya zaɓa ita ce garin da ake kira Suleja a yau. Sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka kafa ta bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya a farkon ƙarni na 19, ta samu sunanta daga Sarki Abu Ja, wanda ya gina ta a 1828. Sai bayan 1976, da aka ba sabon babban birnin tarayya sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Garin ba ya kan hanyar jirgin ƙasa, wanda hakan naƙasu ne ga masana'anta, amma yana da yumɓu da itace da ruwa, yana kuma da sarki mai son abin. Sulaimanu Barau tsohon malamin makaranta ne, ya yi karatu a kwalejin Katsina, kuma yana tara tukwanen magina na ƙasarsa a fada. A nan Cardew ya fara ganin aikin wata mata daga Kwali. An fara ginin cibiyar koyar da sana'ar a 1951, ta buɗe a 1952. Wani abin da zai ba ɗaliban Hausa sha'awa shi ne hatimin da ake bugawa a gindin kayan cibiyar: sunan Abuja ne da ajami. Da Hausa kuma ake yawancin harkar yau da kullum a wurin, domin ita ce ta haɗa Bagware da Bahaushe da Bature.

Wahalar aikin ba ƙarama ba ce. Ba a sayo haɗin gilashi a gwangwani daga Ingila ba. Cardew da ma'aikatansa sun yi ta neman duwatsu da farin yumɓu a cikin ƙasar, har wuraren haƙar kuza na Jos, suna niƙawa, suna tankaɗe toka, suna gwaji suna zubarwa. Ilimin da ya tara a wannan fama shi ya zuba a littafinsa Pioneer Pottery na 1969, wanda magina a ƙasashe da yawa suke amfani da shi har yau.

Mace ta farko a cibiyar

Samari aka tsara wa cibiyar, da nufin su koyi keken gini su koma garuruwansu su buɗe nasu wuraren. Ladi Kwali, wadda aka haifa wajen 1925, ta shigo a ƙarshen 1954, ita ce mace ta farko. Ba 'yar koyo ba ce kamar sauran, domin ta zo da suna, sarki ma yana ajiye aikinta. Ta koyi keken, ta yi kwanuka da kofuna da farantai masu kyau, tana buga musu haruffan sunanta, LK. Amma ba ta bar ginin da gwaggonta ta koya mata ba. Ta ci gaba da zagaye dunƙulen yumɓu tana gina manyan tuluna, sai dai yanzu da yumɓun cibiyar, wanda ke jure babbar wuta. Takan raba jikin tulun gida-gida da layuka, ta zana kada a wannan, hawainiya a wancan, kifi, maciji, tsuntsu, kunama. Sai a cusa farin yumɓu a cikin tsagar zanen, a lulluɓe duka da shafe mai garai-garai, a kai tanderun itace. Idan ya fito, zanen yakan bayyana fari-fari a ƙarƙashin gilashi mai duhun kore, kamar abin da ake hange a gindin ruwa.

Abin da Cardew ya ce kada a yi wa tukunyar gargajiya, shi aka yi wa tulun Ladi a cibiyarsa, kuma shi ne ya fitar da sunan cibiyar. A nune-nunen da aka yi a gidan Berkeley Galleries na Landan a 1958 da 1959 da 1962, tulunanta ne suka fi ɗaukar ido. A 1962 ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a a makarantun fasaha, ta kuma je Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Masu kallo, waɗanda suka ɗauka ba a samun kewayayyar tukunya sai da keke, suka ga mace ta tayar da babban tulu da hannu biyu da tsumma cikin ɗan lokaci. An ba ta lambar girma ta MBE a 1963. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta shiga ajin boko ba. Nijeriya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa kan hazaƙa a 1980, da ta OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984, shekara guda da 'yan watanni bayan rasuwar Cardew, wanda ya bar Abuja tun 1965. Cibiyar tana ɗauke da sunanta yanzu. Shigarta ta buɗe ƙofa ga wasu mata, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, waɗanda su ma aikinsu ya kai gidajen tarihi, ko da yake ba a cika ambaton su ba.

A ina aka kwana?

Idan aka auna cibiyar da manufar da aka kafa ta a kai, ba ta cim ma ta ba. Kayanta sun yi wa talaka tsada, ma'aikacin da ake sa rai kuwa ya fi son tangaran mai fure daga waje. Uwar amarya a Kano ko Damagaram da take haɗa jere ba kofin Abuja mai launin ƙasa take nema ba, langa da kwanon samira masu ɗaukar ido take so, daga baya kuma tukunyar alminiyum da roba suka zo suka ci kasuwar kowa. Masu sayen kayan Abuja yawancinsu Turawan da ke aiki a ƙasar ne, da manyan jami'an gwamnati masu neman kyautar ban girma, da masu tara kayan fasaha a waje. Ɗaliban da suka koma gida suka tarar tanderu da injin niƙa da itacen gashi sun fi ƙarfin jarinsu, ƙalilan ne suka ɗore.

Game da tulun kansa, masana sun kasu. Wasu na ganin an cire shi daga rayuwarsa, an mai da shi abin kallo don idon baƙo. Wasu na ganin Ladi ta samu sabon kayan aiki ne ta yi abin da ta ga dama da shi, kamar yadda kowane gwani yake yi. Ni na fi karkata ga na biyun, domin maganar farko tana mai da ita kamar yumɓu a hannun Bature, alhali siffar tulun da zanensa da hannun da ya tayar da shi duk nata ne, kuma babu wanda ya iya koya mata su a cibiyar. Amma akwai abin da ke damuna, kuma ba laifinta ba ne. Gwanintar da aka yi wa tafi a Landan ita ce dai wadda take da ita tun tana Kwali, lokacin da tulunta yake sanyaya ruwa. Duniya ba ta ga wannan gwaninta ba sai da aka rufe ta da gilashi aka buga mata hatimi. Gwaggon da ta koya mata, da ɗaruruwan mata da suka gina abin da ya kai nata ko ya kusa, ba a rubuta sunansu a gindin komai ba. Har yau mai saye a kasuwa yakan yi ciniki mai tsanani a kan randar da ta ci kwanaki ana aikinta, ya biya kuɗin kofin tangaran ba musu.

Abin sha'awa, wasu daga cikin waɗanda suka ɗebi ilimi a Abuja ba gilashin suka ɗauka ba. Magdalene Odundo, 'yar Kenya da ta zo cibiyar a 1974 ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta, ta zama ɗaya daga cikin mashahuran magina na duniya, kuma kayanta ba su da shafen gilashi. Gogewa take yi har su yi sheƙi, kamar yadda matan Gwari suke yi da dutse. A wani ɓangaren kuma, a shekarun 1990 wani malami, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wata dabara a ƙauyukan Jigawa: a sa ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Tumatir da yalo da alayyafo da kan lalace cikin kwana biyu ko uku sai su daɗe ba su yi komai ba, ba tare da lantarki ba. Ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda wannan aiki, dabarar kuma ta bazu har Sudan. Sharaɗinta ɗaya ne: tukunyar waje ta kasance ta gargajiya, gashin fili, wadda ruwa zai iya tsatsowa ta jikinta.